Itacen Yumɓu

A Zuru, bayan gidanmu, akwai rami.
Kakata Dudu ce ta haƙa shi a durƙushe,
shekara hamsin tana ɗibar yumɓu,
ramin bai taɓa ce mata ya isa ba.

Ta gina randa, ta gina tulu,
ta gina kaskon da aka toya wainar sunana.
Da dare kuma, in sawu ya ɗauke,
sai ta gina abin da ba a kai wa kasuwa:
akuya mai buɗaɗɗen baki,
mahayi a kan dabbar da ba doki ba, ba giwa ba,
irin waɗanda mutanen da suke ɗora wa kabari.
In ta gama, ta mayar da su cikin ruwa.
"Zamani ya wuce su," in ji ta,
"hannuna ne bai ji labari ba."

Ni kuwa na tafi Zariya na koyo sunaye.
Na koyo tanda mai ma'aunin zafi,
na koyo yadda ake sa wa tukunya ƙyalli
har ta manta ita ƙasa ce.
A can, cikin wani littafi mai yagaggen bango,
na ga itacen da maginan Meziko ke yi da laka,
rassa cike da furanni da tsuntsaye da kyandir,
ga ƙwarangwal a zaune yana washe haƙora,
sai ka ce mutuwa maƙwabciya ce
da ta shigo roƙon gishiri.
Na rufe littafin. Ƙamshin ramin Dudu ya cika mini hanci.

Ban same ta ba.
Tabarmarta na samu a naɗe.

Wata uku ina gini.
Nawa itacen ɗorawa ce,
gajera, mai karkata hagu kamar tafiyar Dudu.
A rassa na rataya lofenta,
da kazar da ta hana a yanka,
da garmar samarin golmo,
da rediyon da sai an mare shi yake magana,
da babur ɗin Manga da ya kai ta asibiti,
tayar baya a sace.
Akuyar nan ma na dawo da ita, baki a buɗe.
Har yau ban san me take cewa ba.

Inna Tambai ta leƙo ta katanga.
"Wannan me ake dafawa a ciki?"
Na ce ba komai.
"To me ake zubawa?"
Na yi shiru. Ta ce Allah ya kyauta, ta tafi.
Da la'asar sai ga ta da dutsen gogen Dudu
a ƙulle a bakin zane:
"Kin bar kaushi a gindin. Ita ba ta bari."

Babu tanda a nan.
Kara muka tara, da kashin shanu, da tsingaro.
Wuta ta kwana tana ci, mu ma muka kwana.
Da asuba na yayyafa ruwan makuba,
itacen ya yi tsaki, ya yi duhu,
reshe guda ya tsage,
wanda ke ɗauke da babur.

Wani mai ɗakin nuni ya zo daga Abuja.
Ya zagaya shi sau uku, ya faɗi kuɗi,
ya ce amma a liƙe tsagar, a shafe.
Na ce zan yi tunani.

Ina nan ina yi.
Jiya na ga zanzaro yana kai da komo,
ɗan dunƙulen laka a bakinsa,
yana gina ɗakinsa a cikin tsagar.
Na bi shi da ido har bayan gida.
A ramin nan yake ɗiba shi ma,
bai kuma tambayi kowa ba.